AMANAR RAJISTAR AJI: WA ZA A ƊAUKA, WA ZA A BARI?

  

Ya ku ƴan'uwa Musulmi, a kowace shekara idan damina ta ja baya, gero ya nuna, watan Oktoba ya ƙarato, akan ga iyaye sun yi cincirindo a ƙofar makarantun boko, kowa riƙe da hannun ɗansa ko ɗiyarsa, yana neman a rubuta shi a aji na farko. A wasu ƙauyuka har yanzu malami ne ke bi gida-gida yana roƙon a ba shi yara. Amma a unguwannin manyan garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, sau da yawa yaran sun fi wuraren zama yawa. Mu ƙaddara, a matsayin misali, makaranta tana da ɗaki guda da malami guda na sababbin shiga, ɗakin ba ya ɗaukar fiye da yara 60, ga kuma yara 95 a tsaye a bakin ƙofa. Ko dai a cusa su duka har karatun ya lalace, ko kuwa a mai da 35 gida. To, wa za a ɗauka, wa za a bari, kuma da wane ma'auni? Wannan ita ce tambayar da muke son mu tsaya a kanta, domin ta shafi darektan makaranta, ta shafi mai unguwa da liman, ta kuma shafi kowane uba da ke cikin sahun sallarmu.

Jiya da yau

Dattawanmu suna ba da labarin zamanin Nasara, lokacin da ake sanya wa kowane hakimi adadin yaran da zai kawo lakwal ko yana so ko ba ya so. Mutane kan ɓoye ƴaƴansu a rumbu ko a tura su daji kiwo, masu ƙarfi kuwa su miƙa ƴaƴan barorinsu da na marasa galihu a madadin nasu. Ana auna shekarun yaro ta hanyar sa shi ya zagayo da hannu ta bisa kai ya taɓa kunnensa. A wancan lokaci talaka ne ake tilasta wa shiga. Yau da aka gane amfanin abin, shi ne kuma ake fara turewa waje. Abin lura shi ne, a zamanin biyu duka, mai rauni ne ke ɗaukar abin da mai ƙarfi ba ya so.

Dalilin ƙarancin wuri ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar jama'a ta 1988 ta samu mutanen Nijar sun ɗan haura miliyan 7, ta 2001 ta samu miliyan 11, ta 2012 kuwa ta samu sun haura miliyan 17. Ginin azuzuwa da horar da malamai ba su bi wannan gudu ba. Alhali kuwa dokar tsarin ilimi ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu ranar 1 ga Yuni 1998, ta ce ilimi hakki ne na kowane ɗan ƙasa, kuma ta ɗora wa gwamnati lamunin karatun yara daga shekara 4 zuwa 18. Ke nan yaron da aka mai da gida ba a hana shi wata kyauta ba, hakkinsa ne aka jinkirta masa, kuma sau da yawa jinkirin kan zama hanawa ta har abada.

Wurin zama amana ne

Abu na farko da ya wajaba mu daidaita a kansa shi ne: na wa ne wurin zaman nan? Ɗakin an gina shi da dukiyar jama'a, malamin kuma da harajin jama'a ake biyansa. Saboda haka darekta mai tsaro ne, kamar yadda mai ajiyar rumbun tsimi na gari yake mai tsaron hatsin da ba nasa ba. A cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, Allah Maɗaukakin Sarki Ya haɗa umarni biyu wuri guda, wato mai da amana ga masu ita, da yin adalci yayin hukunci tsakanin mutane. Wanda ke riƙe da alƙalami da rajista a ranar ɗaukar yara yana ƙarƙashin umarnin nan biyu a lokaci ɗaya, domin an ba shi ajiya, kuma an sa shi ya raba gardama tsakanin masu neman abu guda.

Daga nan ne hukuncin "goro" da ake sakawa cikin takardun yaro yake fitowa fili. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin wani da Manzon Allah (S.A.W.) ya aika karɓar zakka, ana kiransa Ibnul Lutbiyya, wanda ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta ce aka ba shi. Annabi (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da babu mai kai masa komai. Haka nan jika biyu ko biyar da ake miƙa wa mai rajista a watan Oktoba: da ba shi ke riƙe da alƙalamin ba da ba a san ƙofar gidansa ba. Kuma kuɗin nan farashin wurin wani yaro ne da ubansa ba shi da abin miƙawa.

Hanyoyin da ake bi

Idan an kawar da cin hanci, saura ma'aunan da mutane ke ganin halas ne. Ya kamata mu duba kowane da idon basira.

Na farko shi ne rigaye, wato wanda ya fara zuwa shi ake rubutawa. Mu masallata mun san wannan ƙa'ida, domin da ita muke cika sahun farko, kuma shari'a ta hana a tayar da mutum daga inda ya riga ya zauna don wani ya maye. Sai dai akwai bambanci. Kiran salla kowa na jin sa a lokaci guda. Ranar buɗe rajista kuwa, idan ba a yi shela ba, ma'aikaci da ɗan kasuwar da ke hulɗa da malamai su ne ke fara ji. Manomin da ke tsakar girbi, da bazawarar da ke fita talla tun asuba, sai an rufe littafi suke samun labari. Rigaye ba ya zama adalci sai an sanar da kowa daidai wa daida.

Na biyu shi ne kusancin gida. Wannan ma'auni yana da hujja mai ƙarfi, domin ƙaramin yaro ba zai iya doguwar tafiya cikin rana ba, kuma iyaye da yawa ba sa barin ɗiya mace ta yi nisa da gida. Amma shi ma yana da ramin da masu wayo ke bi. Wasu ƙasashen da suka riga mu tsara wannan al'amari sun gamu da ramin. A Ingila, inda doka ta hana aji na ƙananan yara ya wuce 30 ga malami ɗaya, makarantu da yawa suna auna nisan gida idan masu nema sun yi yawa, sai ga shi masu hali suna sayen gidaje kusa da makarantar da ta yi suna, har kuɗin gidajen ya tashi ya fi ƙarfin talaka. A wajenmu abin kan zo da wata siffa: mutum ya rubuta ɗansa da sunan gidan ɗan'uwansa da ke jikin makaranta, alhali yaron ba ya kwana can. Wannan ƙarya ce, ko da kuwa kowa na yin ta.

Na uku shi ne takardar haihuwa. Hukuma tana da gaskiya da take neman ta, domin ba a shiga jarrabawa sai da ita. Dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su sanar da haihuwa, wanda ya wuce wa'adin kuwa sai ya nemi takardar alƙali da ke maye gurbinta. Muna kira ga kowane uba da ya haɗa wannan aiki da shirin suna, kada rago ya shige gaban takarda. Amma idan uba ya yi sakaci, shin yaro ne zai biya? Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa wani rai nauyin laifin wani. Abin da ya dace shi ne a rubuta yaron, a ba uban wa'adi, kwamitin iyaye kuma ya taimaka masa wajen neman takardar. Wannan ya fi zama dole game da ƴaƴan waɗanda rashin tsaro ya koro daga gidajensu, kamar waɗanda suka shigo jihar Difa daga 2013, da waɗanda suka ƙetaro zuwa jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina daga 2019. Wanda ya tsere da dare da goyo a baya ba ya tsayawa neman takarda.

Na huɗu shi ne gwajin basira, wato a zaɓi yaron da ya riga ya san haruffa da ƙirga. Wannan yana kama da adalci, amma yaro ɗan shekara 6 ko 7 abin da gidansu ya ba shi ne yake nunawa. Wanda aka biya masa makarantar raino zai fi ɗan mai turin ruwa iya riƙe alli, ba don ya fi shi ƙwaƙwalwa ba. Makarantar gwamnati an kafa ta ne domin koya wa wanda bai sani ba. Idan ta koma zaɓen wanda ya riga ya sani, ta zama kamar likitan da ba ya duba kowa sai mai lafiya.

Wa ya kamata a fara da shi?

A ganinmu, ma'aunin da ya fi kusa da adalci shi ne a tambaya: wane yaro ne idan aka mai da shi gida bana ba zai sake dawowa ba? Da shi za a fara. Yaro ɗan shekara 8 ko 9 da aka riga aka mayar bara yana gaba da ɗan shekara 5 da ubansa ya ƙara masa shekaru don ɗoki, domin ƙaramin yana da baɗi, babban kuwa ƙofa na gab da rufe masa. Maraya da ɗan bazawara suna gaba da wanda ubansa zai iya biya masa makarantar kuɗi. Ɗiya mace da aka samu da ƙyar ubanta ya yarda ya kawo ta, idan aka mai da ita, mun san faranti ne na talla ke jiranta. Haka nan gurgu da kurma da mai raunin gani, waɗanda sau da yawa ba a ma kawo su ba don an san amsar da za a ba su.

Game da waɗannan na ƙarshe ya ishe mu mu tuna dalilin saukar Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum (R.A.), makaho, ya zo neman ilimi a lokacin da Annabi (S.A.W.) yake fuskantar manyan Ƙuraishawa yana kwaɗayin musuluntarsu. Allah Ya saukar da ayoyi yana nuna cewa mai neman sani da gaske, ko da ba shi da gani ba shi da matsayi, ba a juya masa baya saboda manya. Idan an yi wa mafificin halitta wannan tunatarwa, ina ga wanda ya bar makauniya a ƙofar aji don ya fita tarbar mai mota?

Za a iya saɓawa a kan jerin nan, kuma saɓanin ba laifi ba ne. Sayyidina Abubakar (R.A.) ya raba dukiyar baitulmali daidai tsakanin Musulmi, Sayyidina Umaru (R.A.) kuwa da ya kafa diwani ya fifita wasu bisa rigayensu a Musulunci. Kowannensu ya yi ijtihadi. Abin da ya haɗa su shi ne ƙa'idar kowannensu sananniya ce ga jama'a, kuma ba ta lanƙwasa ba idan ta iso gidansa. An ruwaito cewa Umaru ya yanka wa Usama ɗan Zaidu kaso fiye da na ɗansa Abdullahi. Saboda haka kowace ƙa'ida gari ya zaɓa, a faɗe ta a fili tun kafin a buɗe rajista, a karanta ta a masallatai ranar Juma'a, a liƙa ta a ƙofar makaranta, sannan ta hau kan ɗan liman da ɗan darekta kamar yadda ta hau kan kowa.

Idan hakkoki suka yi daidai

Bayan an gama da masu fifiko, za a iske sauran yara da babu abin da ya raba su, wurare 20 ga yara 40 a misali. A nan ne muke ba da shawarar ƙuri'a a bainar jama'a. Mun san wasu za su ɗaga murya su ce ai wannan caca ce. Amsa ita ce caca cin dukiyar wani ce ta hanyar sa'a, ƙuri'a kuwa rabon gardama ce tsakanin waɗanda hakkinsu ya zo ɗaya, babu wanda ya zuba kuɗi, babu kuma mai da'awar sanin gaibu. Alƙur'ani ya ambaci jefa alƙaluma a kan wanda zai riƙi Nana Maryamu a Suratu Ali Imrana, aya ta 44. Nana A'isha (R.A.) ta ruwaito cewa Annabi (S.A.W.) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ma akwai hadisin da ya nuna cewa falalar kiran salla da sahun farko ta kai a yi ƙuri'a a kansu idan babu wata hanya.

Babban malamin Malikiyya Shihabuddini Alƙarafi, wanda ya rasu a Masar a shekara ta 684 bayan Hijira, ya keɓe wa mas'alar babi a littafinsa Alfuruƙ. Taƙaitaccen abin da ya bayyana shi ne, idan hakki ya tabbata ga wani ɓangare ba a yin ƙuri'a, domin yin ta tozarta hakkin ne. Idan kuwa hakkoki suka daidaita, to nan ne muhallinta, saboda ta kawar da gaba da ƙullatar juna. Wannan ita ce hikimar. Uban da ya ga an zaro takardu daga ƙwarya a gaban mai unguwa da liman da iyaye, ko da ɗansa bai fito ba, zai koma gida da baƙin ciki amma ba da zargi ba. Wanda aka ce masa kawai "wuri ya cika", sannan washegari ya ga an shigar da ɗan wane, zai riƙe abin a zuciya shekara da shekaru. Ana amfani da wannan hanya a wasu ƙasashe ma: a Indiya dokar 2009 ta wajabta wa makarantun kuɗi su ware kashi 25 cikin 100 na wuraren ajin farko ga ƴaƴan marasa ƙarfi, kuma a jihohi da dama da ƙuri'a ake raba su idan masu nema sun yi yawa.

Tambayar da ke zuciyar uba

Yanzu mu zo ga abin da ya fi wuya, domin mu masu wannan rubutu ma iyaye ne. Uba zai ce: ɗana amana ne a wuyana, za a tambaye ni game da shi, ba game da ɗan maƙwabci ba. Idan na san wani babba da zai ɗaga waya a rubuta shi, don me zan zauna? Wannan magana tana da nauyi, kuma ba ma raina son da ke bayanta.

Amma Suratun Nisa'i, aya ta 85, ta raba ceto gida biyu, kyakkyawa da mummuna, kuma ta ba mai yin kowanne rabonsa daga abin da ya jawo. Kyakkyawan ceto shi ne ka kama hannun maraya ka kai shi gaban darekta, ka ce ga wanda aka manta, ko ka cika wa wanda bai iya rubutu ba takardunsa. Mummunan ceto shi ne wanda ke ɗaga ɗanka bisa wanda ya fi shi cancanta. Abin da ke sa alfarma ta yi mana sauƙi shi ne ba ma ganin fuskar wanda aka goge sunansa. Da za a kawo yaron gabanmu a ce, ga shi, kai da kanka ka tashe shi daga benci ka zaunar da naka, da mafi yawanmu sun ji kunya. To, yaron yana nan, ko mun gan shi ko ba mu gan shi ba, kuma akwai ranar da za a haɗa mu da shi. Mu tuna yadda fuskar Annabi (S.A.W.) ta sauya lokacin da Usama, masoyinsa, ya zo yi wa wata mace ƴar babban gida daga Banu Makhzum ceto, da yadda ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin farko shi ne sassauta wa mai daraja da tsananta wa mai rauni.

Sannan mu dubi abin da muke koya wa ɗan namu. Yaron da ya san da ƙafa aka shigar da shi aji na farko ya ɗauki darasinsa na farko tun bai buɗe littafi ba. Da wannan darasi zai nemi sakamakon jarrabawa, da shi zai nemi aiki, kuma idan wata rana aka ba shi alƙalami da rajista, da shi zai yi wa ƴaƴan wasu hukunci.

Abin da ya rage a kanmu

Ko an yi rabon da ya fi kowane adalci, yara 35 na misalinmu suna nan a waje. Ƙuri'a tana wanke mai rabo daga zalunci, amma ba ta sauke wa gari nauyin waɗanda suka rage. Bayan yaƙin Badar, a shekara ta 2 bayan Hijira, an karɓi koyar da yaran Madina rubutu a matsayin fansar wasu fursunoni da ba su da dukiya, kowane mutum yara goma. Al'ummar da ba ta da ɗakin karatu ko ɗaya ta samar wa ƴaƴanta malamai daga cikin abin da ke hannunta.

Mu ma muna da abin yi. A rubuta sunan kowane yaro da bai samu wuri ba, a kai jerin ga sufeton makarantu da magajin gari, domin hukuma ba ta ganin wanda ba a ƙirga ba, kuma a ba waɗannan yara fifiko baɗi. A nemi a raba aji kashi biyu, na safe da na marece, inda hakan zai yiwu. Masu hali kuma su san cewa gina ɗakin karatu sadaka ce mai gudana. Muna jaddada gini mai ƙarko, domin ba mu manta da rumfunan kara da suka kama wuta ba: a unguwar Peyiba ta Yamai ranar 13 ga Afrilu 2021, inda aƙalla yara 20 suka rasu, da kuma a Maraɗi ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, inda aka rasa aƙalla 25. Allah Ya sa su zama masu ceton iyayensu. Unguwar da ta iya haɗa kuɗi ta yi wa masallacinta bene da hasumiya ba za ta kasa aza bulo da kwano a kan ƴaƴanta ba.

Muna roƙon limamai su yi shelar ranar rajista daga kan mumbari, su kuma halarci rabon a matsayin shaidu, ba masu kawo jerin sunayen nasu ba. Muna roƙon darektoci da malamai, waɗanda muka san da yawansu suna aiki cikin ƙunci da matsin manya, su riƙe ƙa'idar da aka shelanta, domin ita ce garkuwarsu idan waya ta yi ƙara. Mu iyaye kuma mu tsaya a layi kamar yadda muke tsayawa a sahu.

Allah Ya ba mu ikon mai da amana ga masu ita, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba su ilimi mai amfani. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa namu ne, muna neman gafararSa.